Farfaɗo da Tsohon Mutum-mutumi: Abin da Ake Sauyawa da Abin da Ake Kiyayewa

A harshen Hausa, kalmar mutum-mutumi tun asali sunan abin nan ne da manomi yakan kafa a tsakiyar gona, ya rataya masa tsumma, don tsuntsaye su zaci mutum ne su ƙyale masa gero. Amfaninsa duka ya rataya ne a kan zato, domin ranar da tsuntsu ya gane, aikinsa ya ƙare. Da aka zo neman sunan na'urar da Turawa suke ƙerawa da siffar mutum ko ta dabba, mai motsa kai da hannu da baki, sai aka ari wannan kalma. Su ma Turawan aro suka yi. Kalmar da suke amfani da ita ta fito ne daga wasan kwaikwayon Karel Čapek, marubucin ƙasar Cek, wanda aka buga a 1920, kuma tushenta a harshensa yana nufin aikin tilas. Wato su bautar na'urar suka duba, Bahaushe kuwa ya dubi kamanninta. To, irin na'urar da wannan lacca ta shafa ba ta noma, ba ta dako, ba ta ƙera komai. Aikinta kurum shi ne ta sa mai kallo ya manta na ɗan lokaci cewa ƙarfe da roba ne a gabansa. Saboda haka sunan Hausa ya fi dacewa da ita.

A ƙasashen Amurka da Ingila akwai mutanen da sukan sayi irin wannan na'ura bayan ta tsufa an yar da ita, su kai ta gareji ko ɗakin bayan gida, su yi watanni ko shekaru suna gyara don sha'awa kawai, ba don sana'a ba. Manufar wannan lacca ita ce ta bayyana yadda aikin yake, musamman sake wayoyin lantarki, wanda shi ne matakin da ya fi haɗari. Tambayar da take ƙarƙashin aikin kuwa ta shafi duk wanda aka taɓa damƙa wa tsohon inji ko tsohon kundi a ofis: me za a sauya, me za a bari, kuma yaya za a gane bambancin kafin a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa?

Yaron da ya faɗi sunan maƙerinsa

A watan Nuwamba na 1928 wata motar kaya ta sauke wa cibiyar kimiyya ta Franklin da ke Filadelfiya tarkacen wata na'ura da gobara ta taɓa. Iyalin Brock ne suka ba da ita kyauta, kuma a zatonsu wani mai suna Maelzel ne ya ƙera ta. Siffar yaro ce zaune a bayan tebur, ƙarƙashin teburin kuma akwai tarin faifai na tagulla jere a kan sanda. Wani makanikin cibiyar, Charles Roberts, ya zauna ya harhaɗa ta ba tare da wani zane ko littafin bayani ba. Da aka ɗaura sifirin aka sa wa yaron alƙalami, sai ya sunkuyar da kai ya shiga aiki. Zane huɗu ya iya, da waƙoƙi uku, biyu da Faransanci ɗaya da Ingilishi. A gefen ɗaya daga cikin waƙoƙin ya rubuta cewa shi na'urar Maillardet ce. Ta haka aka gane cewa Henri Maillardet, maƙerin agogo ɗan ƙasar Suwizalan wanda ya yi aiki a Landan, shi ya ƙera shi wajen shekarar 1800.

Abin lura a nan shi ne inda sunan ya ɓuya fiye da shekara ɗari. Tufafin yaron sun lalace, alƙalaminsa na asali ya ɓace, har ma an yi shekaru ana nuna shi cikin rigar mata. Duk wannan bai hana shi faɗin gaskiya ba, domin iliminsa yana bakin faifan tagullar nan. Kowane faifai an sassaƙa bakinsa da tudu da kwari, yatsun ƙarfe suna bin bakin yayin da yake juyawa, su kuma suna tura hannun yaron gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Da a ce mai gyaran ya ga bakin faifan ba sumul ba, ya sa magagari ya daidaita shi don ya yi kyau, da ya shafe rubutun har abada, kuma ba zai ma san abin da ya shafe ba.

Manazarcin tsofaffin rubuce-rubucen ajami ya san wannan matsala sarai. Babu mai ɓata waƙa kamar mai kwafin da ya yarda da iliminsa, wanda in ya ci karo da kalmar da bai sani ba sai ya ɗauka kuskure ce, ya maye gurbinta da wadda ya sani.

Zamanin lantarki da iska

Na'urorin da masu sha'awa suke samu ba su kai na Maillardet tsufa ba. Galibinsu 'ya'yan wata dabara ce da kamfanin Walt Disney ya fito da ita a 1963, lokacin da ya buɗe wani ɗaki a Disneyland cike da tsuntsayen roba masu waƙa. A 1964 kuma ya kai siffar shugaba Abraham Lincoln bajekolin duniya na birnin New York, tana miƙewa daga kujera tana jawabi. Dabarar ita ce a ɗauki murya da umarnin motsi a kan tef guda, ta yadda baki ba zai taɓa riga magana ba.

Daga nan abin ya sauko kasuwa. A 1977 Nolan Bushnell, wanda ya kafa kamfanin Atari, ya buɗe gidan cin abinci na yara a San Jose mai suna Pizza Time Theatre, inda wani ɓera mai suna Chuck E. Cheese yake nishaɗantar da masu ci. A 1980 wani kamfanin, ShowBiz Pizza Place, ya buɗe nasa a birnin Kansas, ba da jimawa ba kuma ya fito da rukunin makaɗa na dabbobi mai suna Rock-afire Explosion, wanda Aaron Fechter ya ƙera a masana'antarsa ta Orlando a jihar Fulorida. A cikinsu akwai goggon biri mai kaɗa molon Turawa na dannawa, da kare mai ganga, da ɓeranya mai waƙa. Kamfanin farko ya karye a 1984, na biyu ya haɗiye shi. Daga baya aka sami saɓani da Fechter a kan mallakar dabbobin, sai kamfanin ya yanke shawara a farkon shekarun 1990: aka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya aka tuɓe wa makaɗan fata da fuska, aka sa wa ƙarafan wasu sababbi. Goggon birin ya koma wani dodo mai launin shunayya, ɓeranyar ta koma kaza. Ƙashi da silinda da waya dai su ne na jiya.

Wannan tarihi yakan ɗaure wa mai gyara kai tun bai taɓa sukurdireba ba. In ya sayi kazar, shin kaza zai gyara ko ɓeranya? Kowacce gaskiya ce a zamaninta, kuma yaran da suka girma da kazar ba su san wata ɓeranya ba. A tsakiyar shekarun 2000 wani mutum a jihar Alabama ya sayi cikakken rukunin makaɗan, ya kafa su a ɗakin bayan gidansa, ya koya musu waƙoƙin zamani. Fim ɗin da aka yi a kan lamarin a 2008 ya jawo hankalin mutane da yawa ga wannan sha'awa. Tun daga 2017 kuma kamfanin ya shiga cire irin waɗannan na'urori daga gidajensa, har suka rage a wurare ƙalilan.

Abin da zamani yake ci

In aka tuɓe irin wannan na'ura za a tarar da ƙashi na ƙarfe ko alminiyam. Wannan ba ya ba da wahala: a kankare tsatsa, a sauya boris da ya ci, a wanke tsohon giris da ya daskare. Fatar ce take fara mutuwa. Fuskokin da robar itace aka zuba su, ita kuwa haske da iska suna cin ta a hankali har ta bushe ta tsattsage, musamman a gefen baki da fatar ido inda take lanƙwasa sau dubbai. Soson da ke ƙarƙashin gashi yakan koma gari. Ba a ceto waɗannan, sai dai a ɗauki siffarsu a zuba sababbi, a ajiye tsofaffin a wuri mai duhu da sanyi don shaida.

Tsokar na'urar kuwa iska ce. Injin matsa iska yana tura ta cikin siraran bututun roba zuwa ga silinda, fistin ya fita ko ya koma, hannu ya ɗaga ko ya sauka. Kowace silinda tana da bawul mai buɗe mata hanya, shi kuma bawul ɗin naɗin waya ne yake jan sa in an ba shi wuta, galibi bolt 24. A nan akwai abin da yakan ba sabon shiga mamaki. Silindar iska matsayi biyu kawai ta sani, waje ko ciki, ba ta san tsaka-tsaki ba. To, daga ina taushin motsi yake fitowa, har kai ya juya a hankali kamar mai tunani? Daga wani ɗan sukuru ne da ke kan bututun, wanda yake ƙuntata hanyar iskar. In an matse shi motsi ya yi nauyi, in an sassauta ya yi zafi har ƙarfe ya bugi ƙarfe. Wani ma'aikaci ne ya zauna shekaru arba'in da suka wuce ya juya kowane sukuru har ya gamsu. Wanda ya kwance su duka don wankewa bai ƙirga juyin kowanne ya rubuta ba, zai sami na'ura mai tsabta wadda take fizge-fizge kamar mai farfaɗiya. Sauran matsalolin iska sanannu ne: zoben robar da ke cikin silinda yakan ƙandare ya bar iska ta zurare, ruwa kuma yakan taru cikin bututu domin iskar da aka matsa tana zubar da raɓarta, shi ya sa ake sa matata a bakin injin.

Sake wayoyi

Yanzu sai babban aikin. Wanda ya kawo tsohuwar na'ura gida, abu na farko da zuciyarsa take raya masa shi ne ya jona ta da wuta ya ga ko za ta motsa. Wannan shi ne abin da bai kamata ya yi ba ko kusa. Rigar wayar da ta shekara hamsin takan bushe ta faffashe, ɓeraye kuma sun yi nasu rabon. Kwandensa mai ruwa a ciki takan bushe in ta daɗe ba aiki, ta kuma fashe in an afka mata da cikakkiyar wuta. Batir da aka manta a kan allon lantarki yakan yi yoyo ya cinye hanyoyin jan ƙarfe. Sannan da yawa daga na'urorin da suka girmi shekarun 1960 ba a haɗa jikinsu da wayar ƙasa ba, ga shi kuwa jikin ƙarfe ne, wato waya guda in ta taɓa shi, duk wanda ya dafa wuta za ta ja shi. Masu gyaran rediyo suna da tsohuwar dabara a kan wannan: a ratsa ƙwan fitila irin na da, mai zare, a kan hanyar wutar. In akwai inda wayoyi suka haɗu, ƙwan zai haska sosai ya shanye ƙarfin wutar, na'urar ta tsira. In ya haska kaɗan ya dushe, alama ce ta lafiya.

Abu na biyu da zuciya take rayawa ya fi na farko muni, domin shi kama da hankali yake yi. Mutum ya ga wayoyi sun cukurkuɗe sun yi baƙi, sai ya ce tunda duk sauya su za a yi, bari a yanke a zubar a fara daga fari. Amma fa sau da yawa babu wani zane da ya rage a duniya na yadda aka haɗa na'urar, ko kuma akwai zanen amma masu gyaran baya sun kauce masa. A irin wannan hali tsohuwar wayar ita kanta ce zanen. Ita ce kaɗai ta san cewa umarni na kaza fatar idon hagu yake rufewa, na kaza kuma gwiwar hannun dama yake lanƙwasawa. In aka yanke ta kafin a karanta ta, tef ɗin da ke ɗauke da wasan zai ci gaba da ba da umarni daidai, amma ido zai ƙifta inda baki ya kamata ya buɗe.

Saboda haka ƙwararru sukan fara da hoto da takarda. A ɗauki hoton kowace mahaɗa ta fuskoki da yawa, a liƙa wa kowace waya lamba a bakinta biyu, a bi ta da mita daga tushe zuwa ƙarshe, a zana abin da aka gani ko da ya saɓa wa abin da ake tsammani. In an ga wata waya ta yi wani zagaye da ba a fahimta ba, a zana ta yadda take, domin wataƙila mai ita ya kauce wa gaɓar da take murje waya ne. Sai an gama wannan ake sauyawa, ɗaya bayan ɗaya, kada a cire ta biyu sai ta farko ta zauna. Wayar da za ta ratsa wuya ko kafaɗa dole ta zama mai silli da yawa, kuma a bar mata rara, in ba haka ba lanƙwasa za ta karya ta cikin 'yan makonni. A nan ne kuma ya halatta a ƙara abin da babu shi a da: fis, da wayar ƙasa, da makunni guda babba mai yanke wuta da iska gaba ɗaya. Babu wata hujjar tarihi da za ta sa a bar na'ura tana iya kashe mai kallonta, ko ta matse yatsun mai gyara. Haka nan wanda ya tarar da farin zare mai kama da auduga a jikin wayar da take kusa da zafi, ya yi hattara, domin asbesto ake sawa a da, ƙurarsa kuwa tana lalata huhu.

Da yawa sukan maye gurbin tsohon akwatin sarrafawa da ƙaramin allon kwamfuta irin Arduino, wanda ya fito a Italiya a 2005. Yana da araha, yana da sauƙin koyo. Sai dai naɗin wayar bawul yana da wata ɗabi'a: a daidai lokacin da aka yanke masa wuta yakan mayar da wani bugu mai ƙarfi baya, wanda ya isa ya ƙone sabon allon nan take. Maganin ɗan ƙaramin abu ne mai suna dayod, wanda yake barin wuta ta bi hanya guda kawai. Akan haɗa shi a kan naɗin don bugun ya zagaya ya mutu a wurin. Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda aka tsara don gyaran tsofaffin gine-gine, ta shimfiɗa ƙa'idar cewa abin da aka ƙara ya kasance ana iya bambanta shi da na asali. Mai gyaran mutum-mutumi zai amfana da ita: ya ɗaura sabon allon a gefe da mahaɗa mai cirewa, ya bar tsohon akwatin a mazauninsa ko da ba ya aiki.

Tef

Faifan tagullar Maillardet ya tsallake gobara. Magajinsa na ƙarni na ashirin bai kai shi ƙarko ba ko kaɗan. Wasan makaɗan nan a kan tef mai naɗi aka ɗauke shi, wasu layuka na kiɗa da murya, wasu na umarni, waɗanda in an saurare su da kunne sai a ji ƙara kawai marar daɗi. Mutum ne ya shigar da umarnin da yatsunsa. Yana sauraron waƙar yana danna maɓallan baki, a komo da tef ya danna na ido, a sake komowa ya danna na hannu, har wasan ya cika. Ashe ke nan abin da ke kan tef ɗin wasan wani ɗan adam ne, da jinkirinsa da gaggawarsa, kuma shi ne abin da ba a iya sayowa a kasuwa.

Da yawa daga tef na shekarun 1970 da 1980 suna da wata cuta: ƙaron da ya riƙe garin maganaɗisu a jikinsu yana shan laima ya yi danƙo. In aka sa irin wannan tef a inji, garin zai kankare ya manne a kan injin, wasan ya tafi a juyi guda. Masu adana sauti sukan gasa shi a zafi mai sauƙi, tsakanin digiri 50 da 55 a ma'aunin Salshiyas, na sa'o'i da yawa. Hakan yakan ba da 'yan kwanaki ko makonni da za a kwafe shi zuwa kwamfuta kafin danƙon ya dawo. Ba kowane tef ake gasawa ba, domin akwai irin da zafi yake lalatawa. Wajibi ne kuma a kwafi layukan umarni yadda suke, ba tare da an tace su ko an matse su ba, ko da yake kunne yana jin su kamar hayaniya.

A nan ya dace a tuna da al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Artuƙ a Diyarbakir, wanda ya kammala littafinsa na dabarun injiniya a 1206. Babu ko ɗaya daga agogunansa na ruwa da bayinsa na tagulla da ya kawo wannan zamani. Amma da yake ya rubuta awo da tsarin haɗawa dalla-dalla, an sake gina ɗaya daga manyan agogunan a Landan a 1976, bayan Donald Hill ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1974.

A kunna ko a ajiye?

Bayan an gama gyara, sauran wata gardama wadda gidajen tarihi ma ba su raba ta ba. Duk motsi yana cin ƙarfe, saboda haka wasu suna ganin a ajiye na'ura shiru a bayan gilashi. Amma zama ma yana da nasa ciwon. A gidan tarihi na Bowes a arewacin Ingila akwai wata tsuntsuwar ruwa ta azurfa, dangin dinya, wadda aka ƙera wajen 1773. Takan juya wuya ta sunkuya ta kama kifi cikin ƙasa da minti guda. Shekaru da dama ana kunna ta sau ɗaya a yini. Da annobar 2020 ta sa aka rufe gidan, sai ta daskare don rashin motsi, kuma ba ta koma wasa ba sai a 2024 bayan gyara mai tsawo. Ga alama tsarin sau ɗaya a yini ya fi kusa da daidai, kuma shi ne ya fi dacewa da mai na'urar iska a gida, domin zoben roba da bawul sun fi saurin ƙandarewa in an bar su.

Wani lokaci kuma gyaran da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Wajen 1950 wani matashin sojan sama na Ingila, Tony Sale, ya ƙera mutum-mutumi mai tsawon ƙafa shida da alminiyam ɗin wani jirgin yaƙi samfurin Wellington da ya faɗi, ya sa masa suna George. Da rediyo ake sarrafa shi, batiran babur ne a ƙafafunsa. Shi ne Sale ɗin da daga baya ya jagoranci sake gina Colossus, kwamfutar da Ingila ta yi amfani da ita wajen warware saƙonnin sirri na Jamus a yaƙin duniya na biyu. George ya yi shekara 45 a tsaye a garejinsa. A 2010 Sale ya fito da shi, ya ɗiga mai a gaɓoɓinsa, ya sa masa sababbin batira, ya kunna, sai ga shi yana takawa. Ya miƙa shi ga gidan tarihin kwamfuta na ƙasa da ke Bletchley Park, ya kuma rasu a shekarar da ta biyo, 2011.